Injin kwale-kwale: a saya a waya ko a je wurin dila?

A Yawuri, Warra da Malale, injin kwale-kwale shi ne jarin gida. Da shi ake kai mutane kasuwa, da shi ake fita kamun kifi a tafkin Kainji. Amma tun da Naira ta faɗi daga wajen 460 a kan Dala a watan Mayun 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, sabon Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 ya gagari matuƙa da yawa. To a nan ne mu matasa muke shigowa. Baba zai ce ka duba masa a waya, kai kuma ka buɗe Jiji ko Facebook, ka ga na hannu "kamar sabo", farashinsa ƙasa da na dila nesa ba kusa ba.

Rahusar gaskiya ce, ba na musu. Matsalar ita ce abin da bidiyo ba ya nunawa. Injin da aka tayar a cikin duro, babu kaya babu igiyar ruwa, ai ko mai ciwo ne zai yi ƙara mai daɗi. Wanda ya yi shekaru yana aiki a ruwan gishirin Legas ko Fatakwal kuwa, gishiri na cin hanyoyin ruwan da ke sanyaya shi ta ciki, fenti kuma ya rufe waje. Sai ka ɗora masa buhuna da fasinja ya ɗau zafi. Ga kuma tsawon ƙafar injin: akwai gajere mai inci 15, akwai dogo mai inci 20. In bai dace da bayan jirginka ba, farfela ba za ta kama ruwa yadda ya kamata ba, kuma wa zai karɓa a mayar? Kar ma a yi maganar kwaikwayo, murfi na Yamaha, ciki na wani.

Dila fa ba waliyyi ba ne. Yana tsuga kuɗi, wani ma tsoho yake gyarawa ya ce sabo ne. Amma yana da shago, an san gidansu, za ka iya cewa sai an ɗaura an gwada da kaya kafin ka cika kuɗi. Ranar da fulogi ko farfela ta lalace ana jibi kasuwa, shi ko makanikinsa ne a kusa. Mai sayarwa a intanet in ya kashe waya, shike nan. E, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, amma matuƙi daga Ngaski ya bi sawun lambar waya a Legas? Haba.

A ganina amfanin waya a nan shi ne sanin farashi. Dilan da ya ga ka zo da farashin wurare uku a hannu, bakinsa na saukowa.

Kuma kuɗi ba su ne kaɗai a ciki ba. Jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayun 2021 ya tafi da rayuka masu yawa. Lodi fiye da kima da tsufan jirage aka fi ɗora wa laifi a irin waɗannan haɗurra, hukumar NIWA kuma ta fi magana kan rigar kariya da hana tafiyar dare. Lafiyar inji ba kasafai take shiga zancen ba, alhali jirgin da ke cike maƙil, in injinsa ya mutu a tsakiyar Kwara lokacin damina, filafili ba zai juya shi ba.