Gida da abokai: hannu biyu masu gina hankalin matashi



Akwai wani kuka da ake yawan ji a bakin iyaye, tun daga Tawa har Damagaram. Uba yakan ce: "Yaron nan ya canza. Da, in na kira shi, da gudu yake zuwa. Yanzu ba ya jin tawa, sai ta abokansa." Uwa ma takan ce ɗiyarta ta daina yi mata hira, asirinta duka yana wurin ƙawaye. Daga nan sai wasu su ɗauki bulala, wasu kuma su zura ido su ce zamani ne.

Ra'ayina shi ne, hanyoyin nan biyu duka ba su ɓullewa. Matashi yana bukatar gida, yana kuma bukatar abokai. Ba mu iya raba shi da tsararrakinsa, bai ma kamata mu gwada ba. Amma gida ne ke yanke irin abokan da zai zaɓa da iyakar inda zai bi su. Yaron da ya samu mai saurarensa a gida, da wuya abokai su ɓata shi. Wanda gida ya yi ma shiru, waje ne zai yi masa tarbiyya. Maganar ba ƙarama ba ce, domin kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Su ne za su gaji gonakinmu da garkunanmu.

Me ke faruwa cikin kan yaro?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lokacin tasowa yana farawa daga shekara 10 zuwa shekara 19. Canjin jiki kowa yana ganinsa: murya ta buɗe, tsawo ya ƙaru, ɗiya mace ta fara al'ada. Amma akwai canjin da ido ba ya gani, shi ne na ƙwaƙwalwa.

Masana sun gano cewa sassan ƙwaƙwalwa ba su nuna lokaci guda. Sashen da ke kula da sha'awa, da fushi, da son yabo, yana ƙarfi da wuri, tun farkon balaga. Sashen da ke bayan goshi kuwa, wanda ke auna abu kafin a aikata shi, ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 25. Ke nan matashi kamar doki ne mai ƙarfi wanda linzaminsa bai gama ɗauruwa ba.

Saboda haka, in yaro ɗan shekara 15 ya yi aikin gaggawa, kada mu yi saurin cewa ya lalace. Ginin ne bai ƙare ba. Kafin ya ƙare, hankalin manya shi ne linzamin da yake aro.

Ƙarfin idon abokai

A shekarar 2005, wani masani mai suna Lorans Istainbag da abokiyar aikinsa, a Jami'ar Tampul ta ƙasar Amurka, sun bayyana sakamakon wani gwaji. Sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta. In fitilar hanya ta nuna alamar tsayawa, mai tuƙi zai zaɓa: ko ya tsaya, ko ya yi kasada ya ci gaba. Wasu sun yi wasan su kaɗai, wasu kuma sun yi shi tsararrakinsu biyu suna kallo.

Manya ba su canza tuƙinsu ba, ko da ƴan kallo ko babu. Amma yara ƴan shekara 13 zuwa 16, da abokai suka zauna kusa da su, kasadarsu ta ninka wajen sau biyu.

Wannan abu mun san shi a titunanmu. Yaro shi kaɗai yakan tuƙa babur a hankali. In ya hangi fadarsu, sai ya ƙara wuta ya saki hannu. Haka sigari ta fari take shiga baki, haka ƙwayar taramol take shiga. Ba daɗinta ke jan yaro da fari ba. Tsoron a ce masa rago ne ke jansa. Gaskiyar magabata ce da suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Sai dai wannan ƙarfi yana aiki ta fuska biyu. Idon abokai da ke sa yaro kasada, shi ne kuma ke sa shi ƙwazo. Ku tuna da gayya. Saurayin da ke nawa a gonar ubansa, in aka jera shi da tsararrakinsa, ga makaɗi, ga ƴan mata suna guɗa, sai ya yi noman da ya ba kowa mamaki. Cikin abokai ne yaro ke koyon riƙon amana, da rabon abu daidai, da haƙuri da halin wani, da shugabanci. Waɗannan darussa uba ba ya iya koyar da su shi kaɗai, domin shi ba tsaran ɗansa ba ne.

Daga samariya zuwa fada

Kakanninmu sun fahimci wannan. Ba su hana samari taruwa ba, tsari suka yi ma taron. Kowane gari yana da sarkin samari, kuma dattawa suna sane da abin da ake ciki. A zamanin Shugaba Seyni Kunce, wanda ya hau mulki a 1974, gwamnati ta raya samariya a ƙasa duka. Samari suka riƙa gina azuzuwan lakwal, suna share gari, suna dasa itatuwa.

Daga shekarun 1990, fada ta yaɗu a biranenmu da ƙauyukanmu. Samari sukan zauna a bakin titi, suna dafa shayi, suna hira har dare. Fada da yawa suna aikin alheri: suna gadin unguwa, suna tara kuɗi in ɗayansu zai yi aure ko ya kwanta ciwo. Amma akwai bambanci guda tsakaninta da samariya. Sau da yawa fada ba ta da babba ko ɗaya da ke leƙa ta.

Inda talauci da wariya suka haɗu da rashin babba, taron yakan rikiɗe. A 2021, A'isha Maki, ƴar Damagaram, ta fito da fim mai suna Zinder a kan ƙungiyoyin samarin unguwar Kara-Kara da ake kira pale. Abin da mai kallo zai lura da shi shi ne, samarin da jama'a ta juya ma baya sukan kafa nasu dangin da nasu dokoki. Yaro ba ya zama ba tare da inda ake ganin girmansa ba. In bai samu a gida ba, zai biɗe shi a wani wuri.

Iyaye iri uku

A shekarun 1960, wata masaniya Ba'amurkiya mai suna Diyana Bomrind ta lura da yadda iyaye ke riƙon ƴaƴansu, ta kasa su gida uku. Na farko, masu tsanani: doka da horo, babu bayani. Na biyu, masu sakaci da doka: ƙauna akwai, amma yaro ya yi abin da ya ga dama. Na uku, masu haɗa biyun: suna kafa doka, suna faɗin dalilinta, suna kuma sauraren yaro. Binciken da aka yi daga baya a kan matasa masu yawa ya nuna cewa ƴaƴan kashi na uku sun fi natsuwa, sun fi ƙoƙari a karatu, sun kuma fi iya ce ma aboki a'a.

Wani zai ce: "Mu da bulala aka tashe mu, ga mu mun zama mutane." Ina girmama wannan magana, amma mu duba ta da kyau. A wancan lokaci ba bulala kaɗai ke aiki ba. Yaro yana wuni tare da ubansa a gona. Da dare kaka tana yi masa tatsuniya. Maƙwabci yana tsawata masa, domin ɗa na kowa ne. Yau uba yakan tafi biɗa Nijeriya ko Libiya wata da watanni, gandu ya rarrabu, salula kuma ta shigo da abokan da ba mu taɓa gani ba. In muka riƙe bulala muka saki sauran, abin da yaro zai koya shi ne ɓoye laifi. Duka yana sa tsoro. Tsoro kuwa yana ƙarewa a bakin ƙofar gida, ba ya raka yaro zuwa fada.

Manoman jahar Maraɗi sun san sassaben zamani. Ba a tumɓuke tohon icce, ba a kuma barinsa ya yi cunkus. Ana zaɓen rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a riƙa dawowa ana dubawa. Riƙon matashi ma haka yake.

Kunya ba shiru ba ce

Al'adarmu ta kunya abu ce mai kyau. Uba da uwa ba su sakin jiki da ɗan fari, wasu ko sunansa ba su faɗi. Amma al'adar da ta sa wannan shamaki, ita ce kuma ta buɗe wasu ƙofofi. Kaka tana wasa da jikanta. Kawu yana jin abin da ba a iya faɗa ma uba. Goggo tana zama da ɗiyar ɗan uwanta ta yi mata bayanin al'ada da tsabtar jiki. Akwai kuma ɗan uwan wasa, wanda ke faɗin gaskiya cikin raha ba a yi fushi ba. Wannan wasa namu har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014.

Matsalar yau ita ce, kunya ta tsaya amma ƙofofin sun rufe. Iyali sun koma birni, kaka tana ƙauye, kawu yana nesa. To, in kai uba ba ka iya yi ma ɗanka wata magana, wajibi ne ka samo wanda zai yi ta. Kada a bar yaro babu babba ko ɗaya da zai iya kai ma kukansa.

Ɗiya mace

Ita ma ƙawaye suna gina ta. A wurinsu take koyon magana, da adashi, da sana'a. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa cikin mata 100 ƴan shekara 20 zuwa 24, 76 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Yarinyar da aka kai wani gari tana ƙarama takan rabu da uwarta, da ƙawayenta, da lakwal, duka a rana guda, alhali hankalinta yana tsakiyar ginuwa. Kaɗaici irin wannan yana taɓa zuciya. Mu bar ƴan mata su yi karatu su ƙara hankali. Wadda kuma ta riga ta yi aure, kada a yanke ta da danginta. A bar ta ta shiga ajin yaƙi da jahilci ko ƙungiyar mata, ta samu abokan shawara.

Abin da za mu iya yi

1. Ka san abokan ɗanka da sunansu da gidajensu. Ka bar su su sha shayinsu a ƙofar gidanka. Fadar da ke gaban idonka ta fi wadda ke bayan gari.

2. Ka ba shi amana. Ka yanka masa gamana tasa, ya noma, ya sayar, ya riƙe kuɗin. A ba ɗiya akuya ta kiwata. Wanda aka ba girma a gida ba ya zuwa roƙonsa a titi.

3. In ka kafa doka, ka faɗi dalili. Ka sa lokacin dawowa gida, domin matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10.

4. Kada ka kunyata shi gaban tsararrakinsa. Ka ja shi gefe. In ya yi abin kirki kuwa, ka yaba a fili.

5. Ka gyara naka halin. Yaro yana bin abin da ya gani fiye da abin da ya ji.

Yaushe za a je likita?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin matasa 7, 1 yana fama da wata damuwa ta ƙwaƙwalwa. Ku lura da waɗannan alamomi: yaro ya daina cin abinci ko barci, ya guji abokan da yake so, ya yi shiru da baƙin ciki fiye da mako 2, ko ya riƙa zancen mutuwa. Haka nan in kuɗi suna ɓacewa a gida, ko ya faɗi yana karkarwa, domin taramol tana kawo irin wannan faɗuwa. Kada a ɗaure shi, kada a kore shi. A yi masa addu'a, a kuma kai shi gidan likita mafi kusa. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Ƴan uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallashi, don kada ya karye. Yau da dare, bayan an ci tuwo, kowa ya kira ɗansa ko ɗiyarsa ya tambaye su labarin abokansu, ya kuma saurara har su gama. Mu kai wannan magana ajinmu mu tattauna ta tare.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka. Amin.