Tayar Hilux ba takalmin Sallah ba ce

1/ Yau da masu Hilux nake. Ku da masu Ranger, Navara, L200, duk wanda ya ajiye a-kori-kura a ƙofar gida. Yadda yawancinku ke zaɓen taya abin tsoro ne wallahi. Da ido kuke saye, kamar takalmin Sallah. Mai jin haushi ya ji. Zare ne, ku biyo ni 🧵

2/ Taya iri uku aka fi sa wa motocin nan. HT ta kwalta ce. MT ta taɓo ce, mai manyan haƙora kamar ta tarakta. AT tana tsakani: kwalta, burji, yashi, ɗan taɓo. Haruffan suna nan cikin sunan tayar, a jikinta.

3/ To don Allah kai da zirga-zirgarka daga Gwarimpa zuwa ofis ce, sai Kano in wata ya ƙare, me ya haɗa ka da MT? Motar ko hanyar gona ba ta sani ba, kullum tana wajen wanki, amma ka ɗora mata tayar ratsa fadama don a ce oga ya iso.

4/ Ga abin da ka saya. Giɓin da ke tsakanin haƙoran nan an yi shi ne don ya tofar da laka. A kan kwalta kuwa ma'anarsa robar da ke riƙe titi ta ragu. Ruwa ya sauka, ka taka birki a hanyar Zariya, motar ta ƙara tafiya kafin ta tsaya. Wannan 'yar tazarar ita ce tsakaninka da bayan tirela.

5/ Ga kuka kamar jirgi zai tashi. Ga nauyi. Ga shan mai, a ƙasar da tun 29 ga Mayu 2023 kowa ke lissafin lita. Kana biyan kuɗi kullum don mutanen da ba su san sunanka ba su waiwayo.

6/ Akwai masu buƙatar MT, ban musa ba. Mai shiga ƙauyukan Mambila da damina, mai kwaso shinkafa daga fadama a watan Agusta. Su kam halak ɗinsu ce. Kai ba ka cikinsu, ka sani, na sani.

7/ Masu cewa ai saboda yashi ne, ku ma ku zauna. A rairayi irin na Yusufari ko Machina, haƙoran MT tona rami suke, su binne ka har aksul. Abin da ke fitar da mota a yashi shi ne rage iska tayar ta baje. Direbobin Hilux na hanyar Agadas zuwa Dirku sun daɗe da sanin haka. In ka dawo kwalta kuma ka mayar da iskarka.

8/ Shi ke nan, mun yarda AT ce ta mafi yawanmu. Wacce? A nan wata cutar take: YouTube. Mutum ya kwana yana kallon Ba'amurke na gwada BFGoodrich KO2 da Falken Wildpeak da Toyo Open Country a kan ƙanƙara, gari ya waye ya zama malami. Ƙanƙara fa. Kai kana Sakkwato, inda a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40.

9/ Tayoyin nan duk masu kyau ne, ba kushe su nake ba. Haka Bridgestone Dueler da Yokohama Geolandar. Amma alamar nan ta dutse mai kai uku da ɗigon dusar ƙanƙara a ciki, wadda ake ta yabo a bidiyo, ba da kai take magana ba. Naka maƙiyan su ne zafin kwalta, bakin rami, ƙusa, ƙayar aduwa, da lodi.

10/ Abin da za ka karanta yana gefen tayar, kuma kyauta ne. Fara da girma. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin, ta faɗi girman taya da iskar da masu ƙera motar suka tsara. Hilux da yawa 265/65 R17 ce.

11/ Sai gayu ya ce a'a, 285/70 R17 zai sa, ta fi cika ido. Yi lissafi: tsayin ta farko kusan milimita 776 ne, ta biyu kusan 831. Bambancin kashi 7 cikin 100 ke nan. Malejinka na nuna 120, kai kuwa kana kusan 128. Birki na aiki fiye da ƙima, boris na wahala, tayar na gugar jikin mota in ka karya kwana. Duk don hoto.

12/ Na biyu, lambar lodi. Bayan girman za ka ga wani abu kamar 112T ko 121S. 112 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120. 121 kuma kilo 1,450. Harafin gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, Q 160.

13/ Hilux kayan kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, har da mutanen ciki. Buhun masara goma ke nan, ka gama. Mu kuwa daga Dawanau sai a jera mata sha biyar, yara uku su hau sama. In aikinka ke nan, nemi taya mai LT a gaban lambarta, gefenta ya fi kauri. Amma LT ba lasisin lodin hauka ba ce, kuma in motar fanko take yawo za ka ji kowane rami a ƙugunka.

14/ Yanzu ga inda nake son ku tsaya. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi har lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Michelin da kansu cewa suka yi in ta shekara 5 a aiki a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da zanenta na nan daram. A zafinmu kar ka jira goman.

15/ Shi ya sa maganar "Beljiyam ta fi sabuwa ƙwari" ke ƙona min rai. Mutum ya zuba miliyoyi a mota, sannan ya je ya ɗauko tayar da wani a Turai ya gama da ita ya yar. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san shekarunta nawa a rana ba. Wasu ma tayoyin hunturu ne, robarsu mai taushi, an yi su don sanyi. Wasu an bi zanen da wuƙa an ƙara masa zurfi.

16/ Kuma tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Kwastan ta hana shigowa da su. FRSC ta yi ta shela a kan tayar da ta tsufa. Amma je ka duba bakin titi.

17/ Na san amsar: "Sabuwa tsada." Gaskiya ne. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙerawa a 2008, manyan sunayen nan daga waje suke zuwa, dala ta yi tari farashi ya yi tsalle. To in kuɗin KO2 bai kai ba, sayi sabuwar AT ta kamfani mai sauƙi, irin su Maxxis, mai kwanan wata na kusa. Sabuwa marar suna a majalisa ta fi tsohuwa mai farin rubutu a gefe. Rubutun ba ya hana fashewa a 130, iyali na baya.

18/ Kuma ku daina haɗa-haɗa. AT biyu a gaba, MT ɗaya da HT ɗaya a baya, kowacce da tsayinta. Ka sa mota a H4 a haka, ƙafafun ba sa juyawa daidai, giya ce ke shan wuya. Huɗu iri ɗaya, girma ɗaya. In biyu kawai za ka iya, sababbin su tafi baya.

19/ Mai faci kuma, Allah ya saka masa, amma bugun taya da ƙarfe ba awo ba ne. Sayi gejinka ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi. Ƙarancin iska da lodi da gudu su ke dafa taya daga ciki har ta tarwatse.

20/ Masu shirin zuwa min da "ni shekara uku ina kan Beljiyam ban ga komai ba", na ji, Allah ya ƙara tsarewa. Kafin ka rubuto, fita ka ɗauko hoton lambobi huɗun nan na tayoyinka ka ajiye a ƙasa. Har da safayar da ke rataye a ƙarƙashin motar, wadda rabonka da sauko da ita tun ranar da ka saye ta.