Katangar Kwamfutar Soja: Asiri Daban, Lissafi Daban

Jama'a, a unguwannin Briqueterie da Madagaska a nan Yawunde, idan aka ce gwamnati tana sayen katangar tsaron kwamfuta domin soja, sai ɗan kasuwa ya ce ina ruwansa. To, da ruwanmu. Tun da Boko Haram ta tsananta kai hari a 2014, har kasuwancin Amchide da Banki ya tsaya, motocin kayanmu suka dogara da soja a hanyar Mora zuwa Kuseri. Idan maƙiyi ya kutsa kwamfutar soja ya san ranar tashin ayari, dukiyarmu da rayukan direbobinmu ne a faifai.

Ita wannan katanga manhaja ce mai tace abin da ke shiga da fita, kamar mai gadi a ƙofar sito. Amma lasisinta haya ne, tamkar rumfar kasuwa. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, kamfani ya daina aiko da bayanin sababbin dabarun ɓarayi. Na'ura tana nan tana walƙiya, gadi kuwa ya yi rauni.

Dokar kwangilolin gwamnati ta 20 ga Yuni 2018 ta ware kwangilolin tsaro daga gasar neman kwangila a fili. Mun yarda, ba a shelar inda aka ɓoye makulli. Sai dai ɓoye tsarin katanga daban, ɓoye farashi daga masu bincike daban. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun ɗanɗana: a 2015 aka taso da zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, alhali sojoji suna kukan rashin kayan aiki.

Saboda haka muna kira da abu 3. Majalisar dokoki da sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli su riƙa ganin takardun, ko da a asirce. A sa kuɗin sabuntawa cikin kasafi tun ranar saye. A horar da 'ya'yanmu su riƙe na'urar da kansu, tun da muna da hukumar ANTIC da dokar tsaron intanet ta 21 ga Disamba 2010.

Kuɗin duwan da muke biya ne ake kashewa. Wanda ya biya hayar rumfa kuwa, ba laifi ba ne ya nemi rasit. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu.