Hanya Ɗaya Ba Ta Koya wa Yaro Zaɓi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu a duk lokacin da aka ambaci wasan bidiyo, wato cewa shirme ne na ƙasashen waje, mai cinye lokacin yara, kuma mafi muninsa shi ne irin wanda yake ba mai wasa damar zaɓen mugun aiki. Masu sassauci daga cikinsu sukan ƙara da cewa in ma ya zama dole a ƙirƙiro wasan da Hausa, to a yi wanda zai nuna wa yaro hanyar kirki guda ɗaya, ya bi ta ya sami lada, ya kauce ya faɗi. Wannan ra'ayi yana da kyakkyawar niyya, amma kuskure ne, kuma abin da ke ƙaryata shi yana cikin adabin da masu ra'ayin suke cewa suna karewa.

A cikin tsofaffin tatsuniyoyin Hausa akwai labarin mafaraucin nan da ya doke ɗansa har ya suma saboda kurege ya kuɓuce masa, ya bar shi yashe a daji. Wani attajiri marar haihuwa ya tsince shi, ya rene shi cikin gata. Bayan shekaru uban ya gane ɗansa, ya zo yana neman abinsa. Aka fita bayan gari su uku, aka miƙa wa saurayin takobi, aka ce ya zaɓi wanda zai sara: wanda ya haife shi, ko wanda ya raya shi. A nan labarin yake tsayawa, a bar wa masu sauraro gardama. Irin waɗannan labarai suna da yawa a Afirka, har masanin nan William Bascom ya tattara su a littafi guda a 1975. Tsofaffin da suke ba jikokinsu wannan labari ba su taɓa jin tsoron cewa zai koya musu kisan uba ba. Sun san cewa yaron da aka sa tsaka mai wuya a dandali, inda babu jinin da zai zuba, shi ne zai iya tsayuwa ranar da ta gaske ta zo. Wasan bidiyo mai rassa wannan tsohuwar dabara ce aka ɗora a kan na'ura.

Shi kuwa wasan da masu sassaucin suke so, an riga an gwada shi. A wasan Fable, wanda aka yi a Ingila a 2004, mai aikata alheri haske ne ke bayyana a kansa, mai aikata sharri kuma ƙahoni ne ke tsiro masa. Abin da mai wasa yake koya daga irin wannan ma'auni shi ne lissafi: wane maɓalli ne ke kawo maki. Haka ɗalibi yake yi a gaban malamin da ya san amsar da yake son ji. Wasannin da suka girgiza mutane sun bi wata hanya dabam. This War of Mine, wanda wani kamfanin Folan ya fitar a 2014 bisa abin da ya faru a ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo daga 1992 zuwa 1996, yana sa mai wasa a matsayin farar hula da yunwa ta ci ƙarfinsa, ga kuma gidan wasu tsofaffi da ke da abinci da magani. Ba wanda zai hana shi ɗauka, amma mutanen gidansa za su kwana da abin a ransu. A 2020 hukumomin Folan suka sa wannan wasa cikin jerin abubuwan da ake ba ɗaliban sakandare shawarar nazarta. Ma'aikatar ilimi ce ta yi haka, a ƙasar da ba ta wasa da tarbiyya.

Sai a dubi abin da ƙasar Karakara take da shi. Wannan gari na jihar Doso, wanda yake cikin gundumar Gaya kafin a kafa ta Junju a 2011, yana yankin Dallol Mawri, kusa da iyakar Nijeriya, a kan hanyoyin da ke gangarawa Gaya da iyakar Benin. A 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratsa wannan kwari yana ƙwace hatsi da dabbobi da ƴan dako, yana ƙona garuruwa. Kowane mai gari ya sami kansa gaba damisa baya siyaki: ya ba da gero da samari ya tsira da garin, ko ya kwashe jama'a zuwa daji ya bar rumbuna, ko ya tsaya ya yi faɗa. A Lugu, cikin watan Afrilu, Sarauniya Mangu ta tsaya. A watan Mayu aka yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun ɗaukaka wadda ta tsaya, kuma ta cancanta. Amma ɗalibin da aka koya wa jinjina kawai ba zai taɓa fahimtar dattijon da ya buɗe rumbu don kada a yanka jikokinsa ba, alhali yawancin mutane zuriyar irin wannan dattijo ne.

Ba a ce a mai da waɗannan matattu abin wasa ba, balle a ba yaro damar sauya abin da ya faru a Ƙonni. Amfanin labarin almara ke nan. Sai a ƙago wata ƙasa mai kwari da giginyu, mai rijiya guda da dodo ke tsaro, mai iskoki da Gizo da Ƙoƙi, a zuba mata matsalolin da yaron Karakara ya sani. Makiyayi ya iso da garke lokacin da ba a gama girbi ba, burtali ya toshe da gonar wata gwauruwa: a buɗe masa hanya ta rasa abincin shekara, ko a hana shi shanu su mutu? Sarkin wannan ƙasa ya rufe gada, ɗan'uwan mai wasa kuwa da fito yake ciyar da gida, ga dogari yana tambaya. Yaran da suka ga rufe iyakar Nijeriya a 2019 da rufe gadar Gaya zuwa Malanbil a 2023 ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan.

Aikin yana da ƙa'idojinsa, kuma malami ya fi kowa cancantar saninsu. Na farko, dole kowane ɓangare ya kasance da haƙƙi na gaske, domin zaɓi tsakanin mala'ika da shaiɗan ba zaɓi ba ne. Na biyu, sakamako ya jinkirta, kamar yadda yake a rayuwa: makiyayin da aka kora a damina shi ne mai nonon da za a nema a bazara. Na uku, a bar ma'aunin maki, a sa mutanen cikin wasan su riƙa tunawa, ta yadda amana da kunya da zumunci za su zama hukunci. Akwai kuma lissafi: in kowane zaɓi ya rabu biyu, zaɓi 10 zai haifi ƙarshe 1,024, zaɓi 20 kuwa ya haura miliyan guda. Saboda haka masu tsarawa sukan mai da rassan su haɗu a wasu mahaɗai, na'ura kuma ta riƙe abin da mai wasa ya aikata a baya, har gaisuwar da za a yi masa a kasuwa ta sauya.

Masu suka suna da gaskiya a wuri guda: akwai wasannin waya da aka gina don su wawushe kuɗi da hankalin yara, kuma wutar lantarki da kayan aiki sun yi ƙaranci a karkara. Sai dai wannan hujja ce ta shiga aikin. Manhajar Twine, wadda ta fito a 2009, kyauta ce, kuma da rubutu kaɗai ake gina labari mai rassa a cikinta; ana iya fara zana rassan da alli a allon aji, a naɗi muryoyi da Hausa saboda waɗanda ba su iya karatu ba. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016. A Alaska, wata majalisar ƴan asalin yankin ce ta ɗauki nauyin Never Alone a 2014, dattawan Inupiyat suka zauna da masu zane, aka ba da labarin da harshensu. Ƙungiyar al'adu ce ta jagoranci wannan aiki, irin waɗanda a nan suke tsaye a bakin ƙofa suna tsaki.

Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, kuma a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Matsayi a takarda ba ya sa yaro ya yi mafarki da harshe. Wayoyi sun riga sun shiga hannun samarin Karakara da Zabori da Junju, kuma za su yi wasa da abin da suka samu a ciki, da Faransanci ko da Ingilishi, a kan matsalolin wasu mutane. Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi shi ne su tattara labaran gardama daga bakin tsofaffin da suka rage, su zauna da matasan da suka iya kwamfuta, su kuma daure su bar tambayar a buɗe, kamar yadda aka bar wa saurayin nan takobinsa a hannu.