Mai shirin sayen Camry, ka fara tambayar injin kafin shekarar mota

'Yan uwa mazauna Doha, na Sanaiya da na Wakra da na Khor. Allah ya sa mu koma gida lafiya da abin hannunmu. Rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri a karanta, don magana ce ta kuɗin gumi.

Duk inda aka zauna ranar Juma'a, zancen ɗaya ne: wane zai sayi Camry ya riƙa zuwa aiki, wane zai tura kuɗi Kano a saya wa ƙaninsa ya yi haya da ita, wane kuma injin motarsa ta gida ya yi nokin, yana so a nemo masa wani a nan ko a Sharja a saka a kago. Kuma kowa abin da yake faɗa shi ne "Camry 2010" ko "Masul". Ɗan'uwa, wannan bai isa ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Maris 2021 riyal 1,000 ne, ban da 500 na masauki da 300 na abinci. A ce kana ajiye 500 duk wata, a ce kuma motar 15,000 ce, wata talatin ke nan kana shan rana. Abin da ka tara a wata talatin bai kamata ka miƙa shi don fitila ta yi maka kyau ba.

Ga inda ake rikicewa. Camry ɗin da aka riƙa sayarwa a ƙasashen Larabawan nan shekaru da yawa, daga Ostireliya ake kawo ta, har kamfanin ya rufe masana'antarsa ta can a Oktoban 2017. Wadda ta cika gida kuwa, 'yar Kwatano da ta Legas, yawanci ta Amurka ce. Jiki kusan ɗaya, amma cikin ba kullum yake ɗaya ba. Masul ta Amurka daga 2007 zuwa 2009 tana ɗauke da inji mai lita 2.4, sunansa 2AZ-FE, da giya biyar. Daga 2010 sai suka canja mata zuwa mai lita 2.5, wato 2AR-FE, da giya shida. Amma ta nan ba ta canja ba, ta ci gaba da 2.4 ɗinta har 2011. Ka gane? Mutum biyu za su ce maka suna da Camry 2010, ɗaya a Doha ɗaya a Zariya, kowa gaskiya ya faɗa, amma injinansu ba ɗaya ba ne, giyarsu ba ɗaya ba ce. In ka sayi injin "2010" a nan ka tura wa mai 'yar Amurka, ka tura masa ƙarfen da zai zauna a tsakar gida awaki su riƙa hawa.

Haka abin ya sake faruwa a 2018. Ta Amurka ta fito da sabon inji, A25A-FKS, da giya takwas, ta nan kuma ta fito da sabon jiki amma da 2AR-FE ɗin nan da giya shida. Dukkansu ana ce musu 2.5.

Gane su ba wuya. Ka buɗe ƙofar direba, akwai ɗan faranti ko takarda a jikin ginshiƙin. Ka fara duba farkon lambar shasi: 6T1 Ostireliya ce, 4T1 Amurka ce, JT kuma Japan. Sai lambar samfurin motar: ACV30 ita ce Big Daddy mai 2.4, ACV40 Masul mai 2.4, ASV40 Masul mai 2.5, ASV50 wadda ta biyo bayanta, GSV kuma mai silinda shida. Ko ba ka iya Turanci ba za ka iya ɗaukar hoto ka gwada haruffan. Wata alamar kuma ita ce filtar baƙin mai. Ta 2.4 gwangwani ce da ake murɗewa a jefar, ta 2.5 takarda ce da ake sawa cikin wani kofi a ƙasan injin.

Yanzu wanne ya fi? Ni dai ra'ayina a fili yake: in kuɗinka ya kai, ka sayi mai 2AR-FE. Ba wai don ƙarfi ba, don bambancin bai taka kara ya karya ba, 2.4 na ba da doki wajen 158, shi kuma 2.5 tsakanin 169 da 178 gwargwadon shekara. Dukkansu sarƙa gare su ba bel ba, ba ruwanka da canjin bel na taimin. Dalilina shi ne baƙin mai. Injin 2.4 na shekarun Masul ya yi suna da shan baƙin mai, saboda ringin fistin da ke toshewa ya daina share man daga jikin silinda, sai man ya riƙa ƙonewa tare da fetur. Ba zancen makanikai ba ne kawai, Toyota da kanta a Amurka ta ƙara wa waɗannan motocin garanti, tana gyara wadda aka gwada aka ga tana shanye kusan lita ɗaya a tafiyar kilomita 1,900. Injin gaba ɗaya lita huɗu da 'yan kai yake ɗauka. Ka lissafa da kanka, in ka ba ƙaninka motar yana Kano-Kaduna kullum, shi kuma ba mai zaro geji ba ne da safe, sati nawa za ta yi? Mugun abin shi ne ba kullum take hayaƙi ba, ba ta ɗiga a ƙasa, sai dai wata rana fitilar mai ta kama a kan hanya, a lokacin an riga an yi ɓarna.

Na Big Daddy kuma, 2002 zuwa 2006, tasa matsalar daban. Jikin injin alminiyam ne, in ya taɓa tafasa sosai, ramukan da kusoshin top suke shiga a bayan injin kan zube, ruwa ya fara tsiyaya ta ƙarƙashin manifol. Ana gyarawa, amma ba kowane mai gareji ne ya iya ba, wani gasket kawai zai canja maka, wata biyu ka dawo.

Kada wani ya ce na kushe 2.4 baki ɗaya. Wallahi akwai masu shi da suka yi shekaru ba a taɓa buɗe musu inji ba. Kuma yana da abin da ya fi ɗan'uwansa: kayansa sun cika Ƙofar Ruwa da Panteka, kowane yaron gareji ya san shi, in ya lalace ana samun na Beljiyam cikin sauƙi. Wanda kuɗinsa iya nan ya tsaya, ya saya, amma ya saya da saninsa, ya rage farashi, kuma ya ɗauki geji kamar buroshin goge baki. Shi ma 2.5 ba mala'ika ba ne. Wata-famfonsa kan yi tsiyaya, wani yana ɗan ƙara na daƙiƙa biyu in an tayar da shi da sanyin safiya, kuma wasu 'yan Amurka na 2012 zuwa 2014 suna da wata karkarwa a giya in kana tafiya a hankali. Waɗannan duk sun fi sauƙi a kan buɗe inji a canja fistin.

Abin da na fi jin tsoro shi ne shawarar da wasu makanikai ke bayarwa, wai tunda 2.4 ɗinka ya mutu, a sa maka 2.5 kawai, "ai duk Camry ce". Kada ka yarda. Kwamfutar motar daban, wayarin daban, giyabos daban. Za a yi ta yanka waya ana haɗawa, fitilar inji ta zauna a kunne har abada, motar ta riƙa shan mai, ranar sayarwa kuma kowa ya gudu. Abin da ya fita shi za a mayar. Ko a cikin 2.4 ɗin ma a lura: ana samunsa a RAV4 da Highlander da Previa, kuma na farko-farko da na baya suna da 'yan bambance-bambance, sau da yawa sai an kwashe manifol da na'urorin tsohon an ɗora a sabon. Sannan harafin ƙarshe ba ado ba ne. 2AZ-FXE na mai batir ne, wato haibirid, 2AZ-FSE kuma na Avensis ne mai wani tsarin feshin mai daban. In mai sukuraf ya ce maka "sem-sem", ka ce ya nuna maka lambar a jikin ƙarfe.

Sai maganar sayen mota a nan Doha. Mutane na cewa motar Larabawa ba ta wahala, titi sumul, ba rami. Gaskiya ne ga ƙafafu. Amma inji fa? A Yuli da Agusta zafi na haura 45, mota na tsaye awa biyu a ƙofar mol ko wurin aiki, esi a kunne, inji na juyawa, mita kuwa ba ta ƙirga wannan ba. Motar da ta yi aikin tasi ko limozin, kilomitar da ka gani rabin labarin ne. Kuma takardar Fahes da ake sabunta istimara da ita, lafiyar hanya take dubawa, birki da fitilu da taya da hayaƙi, ba za ta gaya maka ringi ya toshe ba. Don haka ka je da sassafe kafin a tayar da motar, ka sa hannu ka ji injin da sanyi. In ka tarar an riga an ɗumama maka ita, ka ce gobe za ka dawo. Ka buɗe murfin baƙin mai ka haska da waya, in ka ga baƙin dasƙare kamar kwalta, ka yi sallama. Ka sa yatsa a bakin salansa, toka busasshiya ba komai, maiƙo ne abin gudu. Ka duba ruwan lagireto, na Toyota ruwan hoda ne, in ka ga ruwan famfo mai tsatsa ka san irin riƙon da aka yi mata. Sannan ka biya 'yan riyal ɗin nan a kai ta gwajin kwamfuta a Sanaiya, garejin da kai ka zaɓa, ba wanda mai motar ya nuna ba. Kafin a yi taransifa a Metrash ka tabbatar ba tara a kanta, kuma lambobin da ke istimara su ne a jikin motar.

Mai tura mota ko inji gida kuma, ka ja kunnen wanda zai riƙe ta. Abu na farko da ake yi wa mota a garejinmu shi ne a cire tamosta a jefar, a haɗa fanka dairek, wai ƙasarmu da zafi. To Doha fa? Nan ta fi Sakkwato zafi a bazara, kuma da tamostarta take yawo. In an cire, inji ba ya kai zafin da kwamfuta ke jira, sai ta yi ta zuba fetur, ga yadda lita ta koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Baƙin mai kuma a canja duk kilomita 5,000 ga motar da ke aikin haya cikin ƙura, na galan mai hatimi, ba na awo a bakin titi ba. In 2.4 ce, a ajiye lita ɗaya a but, a duba geji duk ranar da za a hau babban titi.