An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Motarka Mai Gudu Tana Bukatar Babban Birki Kuwa?

Duk wanda ya mallaki mota mai gudu, irin su Porsche 911 ko BMW M3 ko Toyota GR86, ba ya daɗewa kafin wani ya raɗa masa cewa birkin da ta zo da shi daga kamfani bai isa ba. Za a nuna masa manyan fayafai masu huje-huje da jajayen maƙallai suna ƙyalli a bayan wili, a ce masa ai motar da ta iya gudu dole ta iya tsayawa. Maganar tana da daɗin ji, domin ta taɓa tsoron da ke zuciyar kowane direba. Amma ni a ganina, ga akasarin masu irin waɗannan motoci, kuɗin da za su zuba a babban birki asara ce, wani lokaci ma yakan rage amincin motar.

Mu fara da abin da ke tsayar da mota. Aikin birki shi ne rage juyawar taya, ita kuwa taya ita ce ke riƙe kwalta. Inda kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba, kuma duk ƙarfin tsayawa ta waɗannan wurare huɗu yake bi. Na'urar ABS, wadda kamfanin Bosch ya fara sa wa Mercedes S-Class a 1978, tana sassauta birki da zarar taya ta fara sulɓi. Saboda haka idan ka taka birki da ƙarfi a busasshiyar kwalta har ka ji feda tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, birkinka ya riga ya fi ƙarfin tayarka. Ko ka ninka girmansa, motar a wuri guda za ta tsaya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana bukatar kusan mita 40 kafin ta tsaya a kan taya mai riƙo na yau da kullum, kuma a cikin daƙiƙa ɗaya da direba zai ɗauka kafin ya kai ƙafarsa kan feda, ta riga ta ci mita 28. Taya mai kyau da direba mai lura su ne ke rage waɗannan alƙaluma.

To mene ne amfanin babban birki? Amsar ita ce zafi. Birki yana mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi ta hanyar guga. Mota mai nauyin kilo 1,500 idan ta tsaya daga gudun kilomita 100 a awa, zafin da za ta fitar ya isa ya tafasa ruwa sama da lita ɗaya da rabi. Idan gudun ya kai 200, zafin yana ninkawa sau huɗu, domin duk lokacin da gudu ya ninka biyu ƙarfinsa yana ninka huɗu. A titin gari direba yakan yi tsayawar gaggawa sau ɗaya, iska ta huce masa fayafai. A filin tsere kuwa, kafin zafin kwanar farko ya fita na biyu ya hau kansa. Babban faifai yana da ƙarfe mai yawa da zai shanye zafin, da faɗin da zai saki shi cikin iska. Fa'idarsa tana bayyana ne a taka na goma da na ashirin.

Tarihi ma haka ya nuna. A gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa a 1953, motar Jaguar C-Type ta yi nasara da birkin faifai na kamfanin Dunlop, a lokacin da abokan karawarta ke amfani da birkin ganga mai riƙe zafi a cikinsa. Abin da ya ba ta galaba shi ne birkinta ya ci gaba da kamawa awa bayan awa. Tun asali matsalar juriya aka warware.

Don haka kafin ka buɗe jaka, ka tambayi kanka ko birkinka ya taɓa gajiya, kuma ta wace hanya. Gajiyar iri biyu ce. Idan feda tana nan da tauri amma motar ta ƙi rage gudu, fad ɗin da ke matse faifan ne ya yi zafi fiye da ƙima. Idan kuwa fedar ta yi laushi tana nutsewa ƙasa, man birki ne ya tafasa, tururi ya shiga bututu. Wannan na biyun maganinsa ya fi araha. Bisa ƙa'idar Amurka, sabon mai samfurin DOT 3 ba zai tafasa ba ƙasa da digiri 205 na ma'aunin Salshiyos, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma digiri 260. Sai dai wannan mai yana zuƙar danshi daga iska, kuma idan ya sha ruwa, DOT 4 na iya tafasa tun a digiri 155. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke ba da shawarar a sauya shi duk shekara biyu. Wanda ya shekara biyar bai sauya mai ba sannan ya ɗora wa girman faifai laifi, ya bar jaki yana dukan taiki.

Sauyin kansa ma yana da nasa haraji. Injiniyoyin kamfani sun auna rabon ƙarfi tsakanin birkin gaba da na baya, sun saita ABS a kan wannan rabo. Idan aka ƙara wa gaba ƙarfi ba tare da lissafi ba, tayoyin gaba za su kai iyakarsu da wuri alhali na baya ba su gama ba da nasu ba, sai tazarar tsayawa ta ƙaru. Fad ɗin tsere yana bukatar zafi kafin ya kama sosai, ga ƙara, ga ƙura, ga cin faifai. Faifai mai huje-huje yakan tsage daga bakin hujin idan ya sha wuta. Babban faifan ƙarfe kuma ƙarin nauyi ne a ƙafar mota, inda nauyi ya fi cutar da riƙon hanya. Fayafan kabon da yumɓu, irin waɗanda Porsche ta sa wa 911 GT2 a 2001, nauyinsu kusan rabin na ƙarfe ne, amma tsadar sauya su ta sa wasu masu zuwa filin tsere ke cire su su mayar da na ƙarfe.

Masu goyon bayan babban birki suna da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ban raina ta ba. Wanda ke kai motarsa fili irin Nürburgring na Jamus, ko ya ƙara wa inji ƙarfi sosai, ko ya sa tayoyin tsere masu tsananin riƙo, ya ɗora wa birki zafin da ba a ƙera shi dominsa ba. Irin wannan, idan ya gwada sabon mai da fad mai jure zafi da bututun da ke kai iska ga faifai amma gajiyar ta ci gaba, ya cancanci babban birki, muddin an ƙera shi don samfurin motarsa. Doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos ita ma tana dafa birki, amma maganinta sauko da giya ne domin inji ya riƙe motar.

Shawarata ita ce a bi matakai daga mai araha zuwa mai tsada. A fara da taya: a jikinta akwai lambobi huɗu a ƙarshen alamar DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, kuma roba tana bushewa da shekaru ko da zanenta bai goge ba. Sai man birki, sai fad, sai hanyar iska. Idan kuɗi ya rage, a biya ƙwararren mai horarwa na yini ɗaya a fili mai tsaro, domin direbobi da yawa ba su taɓa taka birkinsu har ƙarshe ba, balle su san iyakarsa. Wanda ya bi waɗannan matakai har birkinsa ya sake gajiya, ya sayi babba da hujja a hannu. Sauran kuwa za su tarar cewa wanda suke da shi ya ishe su.