Sabon gida: a fara da silin da masai kafin tayil da fenti

Bayan damina ta bara wani abokin aikina ya kira mu walimar tarewa a sabon gidansa a nan Tanut. Shekara shida ya yi yana ginin, bulo ɗari wannan wata, siminti buhu biyar wata mai zuwa, daga ƙarshe ya ci bashin banki a kan albashinsa ya ƙarasa. Mun je, mun ci, mun yi addu'a, mun yaba. Kuma gidan ya cancanci yabo idan daga waje ka tsaya: ƙofar ƙarfe mai ado, fenti mai ɗaukar ido, falo shimfiɗe da tayil, wanda mu a nan muke ce wa karo, ga tagogin gilashi mai duhu irin na manyan gidajen Yamai. Da na nemi kewayawa sai maigidan ya sunkuyar da kai, ya ce in yi haƙuri in shiga gidan maƙwabci, ba a kai ga haƙa masai ba tukuna. Na leƙa ɗakin yara na ɗaga kai, kwano ne tsirara, babu silin.

Ban yi masa dariya ba, don ni ma na taɓa yin nawa wautar, zan zo kanta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan ya zama ruwan dare a tsakaninmu, malamai da iyayen yara, daga Tanut har Belbeji. Gini yana cin kuɗinmu har ya kai linta, a rufa, sai ɗan abin da ya rage a hannu ya zama shi ne na ƙarashe. A nan ne muke zaɓi, kuma kusan kullum abin da baƙo zai gani muke zaɓa. Ra'ayina shi ne a juya lissafin. Kuɗin ƙarashe ya fara zuwa inda yaro zai kwana, inda zai kewaya, da inda zai buɗe littafi da dare. Abin da ya saura shi ne na ado.

Duk malamin da ya riƙe aji a Damargu ya san watan Afrilu da Mayu. Zafi yana haura digiri 40 da rana, kuma daidai lokacin ne muke bita da 'yan jarrabawa. Da safe, tun kafin ƙarfe goma, za ka ga kawuna suna faɗawa kan tebur. Da ina sabon malami na ɗauka lalaci ne, har na sha ɗaga murya. Sai da na fara tambaya na gane yawancinsu ba su yi barci ba ne. Ɗakin kwano ya sha rana wuni guda, bango ya ɗauki zafi yana amayar da shi har tsakar dare. A fito tsakar gida a shimfiɗa tabarma, ga kunama, ga iska mai ƙura. Yaron da ya kwana yana juyi ba zai riƙe lissafin rabawa da safe ba, ko wane ne malaminsa.

Kwano ba abokin gaba ba ne. Mutane sun koma gare shi ne da dalili: azara ta yi tsada, giginya ta yi mana nisa, jami'an gandun daji suna hana sara, kuma soron ƙasa yana son yaɓe kowace shekara. Matsalar ita ce barin kwanon shi kaɗai. Ƙarfe ne siriri, da rana ta buge shi sai ya sauke zafin kai tsaye a kan wanda ke ƙarƙashinsa. Silin shi ne ke tare wannan zafi, amma da sharaɗi, wanda magina da yawa ba sa faɗa wa mai gida. Dole a bar tazara tsakanin kwano da silin, a kuma bar ƙananan kafofi a bangon sama, gefe da gefe, a toshe su da raga saboda jemage da tsuntsaye, don iskar da ta yi zafi ta samu hanyar fita. Idan aka rufe ruf, an gina tanda ne a saman ɗaki. Wanda ba shi da kuɗin filawud, zana mai kauri ko tabarmar kaba da aka ɗaure da kyau tana rage zafi ƙwarai, sai dai a riƙa duba ta saboda gara da ɓera. Shafa wa kwanon farin fenti daga sama shi ma yana taimakawa, kuma bai kai kuɗin tayil ɗin rabin falo ba.

Ga wanda bai riga ya rufa ba, akwai wata hanya da ta dace a ce mun fi haka saninta. Tun 1980 wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta fara koya wa magina a Cikal, cikin yankin Filinge, yadda ake rufa ɗaki da ƙananan tubalan ƙasa zalla, babu itace ko ɗaya, a siffar ƙubba ko baka. Fasahar daga Nubiya ta ƙasar Masar aka ɗauko ta, daga baya ta kai Iferwan da wasu wurare. Maginanmu na gargajiya sun san tulluwa da bakan gizo, amma nasu da azara ake yi, wannan kuwa ba ya bukatarta. Ɗakin irin wannan yana da sanyi da rana, yana da ɗumi da hunturu. Sai dai ba aikin kowane magini ba ne. Idan ba wanda ya koya da gaske ka samu ba, kada ka gwada a kan 'ya'yanka.

Sai maganar masai, wadda ake jin nauyin yi a bainar jama'a. A makaranta muna koya wa yara wanke hannu da sabulu, muna zana musu ƙuda a allo, daga kashi zuwa kwanon tuwo. Yaro ya koma gida, gidan malami ma, a ce ya je bayan gari ko kangon wani. 'Ya mace da ta fara girma kuwa sai ta jira duhu. Gidan da ba shi da masai bai kammala ba, ko da an yi masa fenti sau uku. Kuma inda ƙasa rairayi ce, ramin yana son a ɗaure shi da bulo daga ciki don kada ya rufta, a zuba masa dabe na siminti mai murfi, a sa bututun iska mai raga a bakinsa don wari da ƙuda.

Wasu kuma sun wuce gona da iri ta ɗaya gefen, sun sa masai na zamani mai tankin ruwa don sun gani a otal a Damagaram. A yi lissafi. Kowane ja yana tafiya da lita 6 ko fiye. Gida mai mutum takwas, kowa sau uku a rana, lita 144 ke nan, kusan jarka shida ta lita 25. A Damargu muke, inda rijiya sai an ɗaura wa raƙumi ko bijimi igiya ya yi tafiya kafin guga ya fito, inda famfo kan yi kwanaki bai zo ba a bazara, mai ga-ruwa ya ƙara kuɗi. Na shiga gidaje da dama na tarar da irin wannan masai a kulle, an mayar da ɗakin ma'ajiyar buhunan gero. Da an sayi tanki ko an gina ƙaramin kwalbatin ajiye ruwa da kuɗin, da uwargida ta yi godiya.

Yanzu ga tawa wautar. Gidana na ƙasa ne. Da na samu ɗan kuɗi sai na ce bari in huta da yaɓe, in kuma fita kunyar a ce gidan mushe na laka ne. Na sa aka shafe bangon waje da siminti, aka yi fenti. Damina biyu ya yi. A ta uku, wata safiya bayan ruwan dare, na tarar da shafen bangon gabas ya ɓamɓaro kamar ɓawon gyaɗa, falle guda, bayansa ƙasa jiƙe sharkaf da hanyoyin gara. Wani dattijon magini da na kira ya duba, ya ce: “Malam, ƙasa tana numfashi, siminti ba ya yi. Ka haɗa su aure ba ka tambaye su ba.” Bayaninsa shi ne ƙasa tana kumbura idan ta sha danshi, ta tsuke idan ta bushe, siminti kuwa a tsaye yake. Sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita, ya zauna yana cin bangon a ɓoye. Da yaɓen ƙasa ne, da na ga inda ya zaizaye na gyara da kwando biyu na laka.

Abin da ya sa ni yi daga baya bai kai rabin kuɗin farko ba. Aka ɗaure gindin bango da dutse da siminti, aka sa indararo masu tsawo don ruwan rufi ya zuba nesa da gindi, aka gyara gangaren tsakar gida ruwa ya daina kwanciya. Bangon gabas, wanda hadari ke duka, shi ake fara yaɓewa kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Ruwan shekara a Tanut bai cika haura milimita 300 ba, shi ya sa muke sakaci. Amma daminar 2024 ta nuna mana. A watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya rushe saboda ruwa. Wata guda bayan haka gwamnati ta rage farashin siminti, kuma an ji daɗi. Ina dai fatan a zuba sauƙin a tushe da masai da magudanar ruwa, ba a lulluɓe bangon laka da shi ba.

Akwai tambaya guda da nake ba duk wanda ya nemi shawarata: idan abin nan ya lalace, wa zai gyara, kuma a ina yake zaune? Tagar gilashi mai zamewa rabinta kawai ke buɗuwa, rairayin hunturu yana cika mata hanya ta cije, ranar da ƙwallon yara ya fasa ta kuwa sai an yi aike Damagaram, kusan kilomita 150, ko a toshe da kwali. Tagar ƙarfe mai fuka-fuki da mai walda na bakin kasuwa ya ƙera tana shigar da iska ko a rufe take, a sa mata ragar sauro, idan ta karye a gyara ta da la'asar. Haka tayil: yana son ruwan gogewa kullum, yana da santsi ga tsoho da mai ciki, kuma idan guda ya fashe ba lalle a samu irinsa ba. Daben siminti da aka goge da kyau, a shimfiɗa leda ko tabarma, ya wadatar har Allah ya hore.

Wuta kuma, tun kafin a yi shafe ya kamata a binne bututun waya a bango, ko da babu kuɗin jawo lantarki a lokacin. Mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Faifan sola guda, batir, da ƙwai uku sun isa yaro ya yi bita bayan isha'i ba tare da fitilar hannu a baki ba. A nan kam araha ba ta ado. Batir mai arha bazara ɗaya yake yi, siririyar waya tana zafi har ta kama. A ajiye batir a inuwa, a sa yaro ya riƙa share ƙurar faifan, shi ke nan.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa. Gida mutunci ne. Malamin da ya yi shekara ashirin yana haya yana da haƙƙin ya ga ƙofarsa ta yi kyau, surukai su zo su ga 'yarsu a wuri mai tsabta. Ban musa ba. Kakanninmu ma ba su ƙi ado ba, duk wanda ya zaga unguwar Birni ya ga zanen da ke fuskar tsofaffin gidaje ya sani. Falke Barmu, maginin masallacin Yama a jihar Tawa, da laka ya yi aikin da ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Amma su sai da suka gama da kaurin bango da inuwar zaure sannan suka kira mai zane. Fenti zai jira ka shekara biyu bai ɓaci ba. Shekarar jarrabawar yaro ba ta jira.

Kuma a tambayi uwargida kafin a je kanti. Mu maza da safe muke fita, mu dawo da yamma mu zauna ƙofar gida. Ita ce ta san inda rana ke faɗawa da azahar, inda hayaƙi ke taruwa, inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Da na tambayi tawa abin da take so bayan an gyara bangon, ban ji tayil a bakinta ba. Rumfa ta ce a gaban madafa, da taga ta biyu don hayaƙi, da tukunyar gas, tunda ga matatar SORAZ nan kusa da Bakin Birji a kan hanyarmu ta Damagaram. Sai kuma ta ce a dasa dogon yaro biyu ta yamma da ɗakin yara, a kewaye su da ƙaya saboda awaki, ruwan alwala ya ishe su.

Abokin nawa na walima ya haƙa masai a watan da ya wuce, da kuɗin adashi. Silin ɗakin yara ya ce sai bashin banki ya ragu. Babbar 'yarsa bana take zana BEPC, don haka na ba shi shawara ya mayar da yaran falo su riƙa kwana daga Afrilu zuwa ƙarshen jarrabawa, tunda shi ne kaɗai ɗakin da aka yi wa silin. Ya ce zai yi magana da maman yara.